Garken da ke Cikin Yaya Gwadabe

Kwanyawa, Karaye

Zuwa ga ƙanwata Barira,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya shanu? Ina gaida maigidanki.

Labarin ba daɗi. Jiri ya kayar da ni a masallaci, aka kai ni asibiti, likita ya ce maiƙo ya yi yawa a jinina. Kin san yadda Baba ya ƙare, ɓarin jiki a shanye. Tun ranar ɗana Shitu ya ɓoye garmata, ya ce bana ba ni ba gona sai likita ya yarda. Ni da nake shan kafso duk sanda cikina ya yi ƙugi, don kashe ƙwayoyin ciki, ta ina cuta ta shigo? Tsoro nake ji, Barira. Idan damina ta wuce ina kan tabarma, na san ba zan ƙara tashi ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki, Gwadabe

*

Falgore, Rogo

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Gara da ka rubuto, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Irin ciwon nan na yi bara, ban faɗa maka ba ne. Likitar da ta duba ni ta ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma yawancinsu masu amfani ne. Ta ce in ɗauke su kamar garke. Abincinsu dusar hatsi, wake da ganye. In sun ƙoshi, suna fitar da abin da ke taimaka wa hanta ta rage maiƙo. Kai kuma ka mai da kafso gyaɗa, kana karkashe su.

Sannan na ga yadda matarka Hajo ke maka surfe. Don girmama maigida take surfa dawa har ta yi fari fat, dusar kuma a zuba wa ragonka. Shi ya sa yake sheƙi, kai kake jiri.

A bar dawa da dusarta. Ka ci wake da zogale, ka sha kindirmon da zan riƙa aiko maka ranar kasuwa, ba sukari. Maganin likita kar ka fasa, kafso kuwa sai in shi ya rubuta.

Allah ya ba da lafiya.
Barira

*

Kwanyawa

Barira,

Gaisuwa mai yawa. Kin haɗa ni faɗa da Hajo. Ta yi kuka, ta ce maƙwabta za su ce ta raina miji, tana tuƙa masa tuwon dusa. Sai da na ɗauki dawar da kaina na kai inji, mata na leƙe ta katanga, sannan ta haƙura.

Tuwon ja ne, yana kartar maƙogwaro. Cikina kuwa ya kumbura, har sahun baya nake tsayawa a masallaci don kunya. Na koma wurin likita da ƙorafi, na ba shi labarin garken da kika faɗa, ya yi dariya ya ce garken ne ke farfaɗowa, in ƙara waken a hankali. Yanzu ya lafa. Kullum ina zaga gari a ƙafa, ina kallon hadari yana haɗuwa, raina na ƙuna. Ranar sake gwajin jinina ta kusa, ki yi min addu'a.

Wassalam.
Gwadabe

*

Kwanyawa

Barira,

Salamu alaikum. Alhamdulillahi, maiƙo ya sauka. Likita ya ce in ci gaba da magani da abincin, in koma gona, amma in huta kafin rana ta take.

Jiya aka yi ruwa. Da safe Shitu ya fito da garmar daga rumbu ya miƙo min da hannu biyu, bai iya haɗa ido da ni ba. Na yi huɗa yana biye da ni, sai ga shi yana haki ni ban tsaya ba. Yanzu bayana ciwo yake, hannuna duk bororo, kuma na manta rabon da in yi farin ciki irin wannan.

Allah ya saka miki da alheri.
Yayanki, Gwadabe manomi