Rumfar Ustaza Nafisa

Gadarif, daren Talata

Ban taɓa gaya wa kowa ba: wasiƙu tara na rubuta wa wani saurayi da babu shi a duniya, irin na littattafan soyayyar da nake ɓoyewa a bayan buhun dawa. Ta yau ce kaɗai na rubuta wa mai rai, shi ma mufattish ne, wato mai duba makarantu, mai tumbi.

Da safe ya zo makarantar Ustaza Nafisa, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da biro, ya ce rumfar kara ba aji ba ce, ranar Alhamis zai dawo ya rufe, mu koma ta hukuma. Wace hukumar? Wadda ta ce na yi girma da ajin farko lokacin da muka dawo daga Hawata, ina shekara goma sha ɗaya ban san alif ba? Ustaza ce ta karɓe ni, ta ce Baba ya biya in ya sayar da riɗi. Yawancinmu haka muka shigo. Da mufattish ya tafi na zauna na rubuta masa wasiƙa kan kada ya rufe mana makaranta.

Yaya Usman ya leƙa takardar ya yi dariya: "Ke da baƙo in ya yi sallama kike shigewa ɗaki?"

To, halas, shi ke nan. Alhamis zan tsaya a ƙofa in miƙa wa mufattish wasiƙar hannu da hannu. Ya karanta a gabana, in ya isa ya nemo kuskure ɗaya a ciki.