Toronto ba ta fi Aujara nisa ba

Zuwa ga ƙawata Maman Dauda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Dauda da jikoki. Yaya sanyin ƙasar Turawa? 'Yata Hadiza ce ke rubuta miki wannan, ni ina faɗa mata.

Kullum na ce ki zo, sai ki ce nisa. To, na sa an duba mini. Daga filin jirgin Toronto zuwa na Kano wai kusan kilomita dubu tara ne. Ni ban san kilomita ba, sai na ce a gaya mini da yini. Aka ce ko da canjin jirgi a hanya, in kin tashi yau, gobe kina Kano. Haba Rifkatu! Wannan ne nisan?

Kin manta zuwanmu Aujara sunan ɗan ƙanwata? Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ku kuma sababbin zuwa daga Jos, katanga ɗaya ta raba mu a Limawa. Na ce ki zauna, damina ce, hanya ba kyau. Kika ɗaure ɗankwali kika ce, "Zumunci a ƙafa yake."

Motar ta kafe a taɓo, ta kuma ƙi tashi. Muka kwana a gidan mutanen da ba mu sani ba, kika cinye musu ɗanwake kina ta santi. Sai washegari muka isa, an riga an raɗa suna, an yanka rago, zanenki na zuwa coci ya koma kalar ƙasa. Yini da kwana ke nan fa, daidai da jirginki. Kuma a jirgi ba wanda zai ce ki sauko ki tura.

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, danginku suka matsa ku koma gida. Ba wanda ya kore ku a unguwa, amma tsoro ya riga ya shiga. Na riƙe miki jaka har tasha. Na yi kewarki, wallahi har yau ina yi.

Yanzu ga abin da ban faɗa miki a waya ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi, na dama yana bin sa a hankali. Ranar da kika kira kina nuna mini furfurarki muna dariya, inuwa kawai nake gani.

Muryarki ina da ita, ba inda za ta. Fuskar nake so, da wushiryar nan taki, tun da sauran haske.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sauke jirginki lafiya, ya ara mini idon nan har ki iso. In kuma kin makara, ki zo duk da haka, zan shafa da hannu.

Taki har kullum,
Maman Hadiza, Limawa