Idon Kelsi a Kan Rufi

Litinin, 3 ga Yuni

Orville ya faɗo daga tsani yana gyaran indararo, ƙugu ya goce. Shi ne idon 'yata Kelsi tun da ta fara tseren mota. Shi ke tsayawa a rufin rumfar 'yan kallo yana gaya mata ta rediyo wa ke gefenta, don a cikin motar nan ko waiwaye ba a iya yi. Mijina Delbert ba zai hau ba, ƙafarsa ba ta shiri da matakala. Muna cin abinci Kelsi ta ajiye cokali ta ce, "Mama, ke za ki hau." Na yi dariya har na ƙware. Ni da ban taɓa kallon tsere ba! Duk shekarun da ubanta ya yi yana zagaya da'irar nan, a bayan fili nake zama cikin mota, gilashi a rufe, ina saƙa. Wai muryata ce kaɗai ke ratsa ƙarar inji. Daɗin baki dai.

Laraba, 5 ga Yuni

Na ce a'a.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na ce to, da na ji ƙanin Delbert za su ɗauka in na ƙi. Mutumin da ko tuƙi yake yi, idonsa na kan matan gefen titi.

Delbert ya yi mini darasi a teburin kicin, kwalbar gishiri ce Kelsi, ta barkono abokin hamayya. Kalmomi uku ne duka aikin. "Ƙasa" in wata mota na gefenta ta ciki, "sama" in tana ta wajen katanga, "fili" in babu kowa. Ya fara bayanin cewa tayoyin a waje suke tsirara, in taya ta taɓa taya ɗaya na hawa kan ɗaya, mota ta tashi. Na ce, "Delbert, wa ke shafa wa ƙafar nan da tsere ya karya man zafi duk hunturu?" Ya mayar da barkonon wurinsa.

Asabar, 8 ga Yuni

Gwaji. Ashe haka saman nan yake da kyau! Gonakin masara har iyakar gani, ga hasumiyar cocinmu can kamar tsinke. Ba wanda ya taɓa gaya mini.

Sai kuma na yi abin kunya. A kwana ta uku ta da'irar na ga wata mota ta matso ta, bakina ya riga hankalina, na ce, "A hankali, 'yata!" Ta ɗaga ƙafa daga totur. Curtis, mai jar mota da ke bayanta, ya kauce da ƙyar, tsakanin tayarsa da tata ko tafin hannu ba zai shiga ba.

Ta cire hular kwano ba ta ɗaga murya ba, gara ma da ta ɗaga. "Mama, a gida ki ce a hankali, in ji. A can ba mu da fitilar birki. In na rage gudu, na baya ba ya sani sai ya hau kaina." Curtis ya zo yana washe baki, ya kira sunana: "Mama Wanda, saura ƙiris ki tura ni sama ba tikiti!" Kowa ya yi dariya. Ni na shiga banɗaki na yi kukana. Tsorona ne ya kusa kashe ta, ba gudunta ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Hanyar coci ina ta yi wa Delbert "sama, sama, fili". Ya ce in ban daina ba zai sauke ni in ƙarasa a ƙasa.

Talata, 11 ga Yuni

Na kai wa Orville kek asibiti. Ya cinye rabi kafin ya yi magana. Ya ce, "Wanda, ke uwa ce, motarta kike kallo. Bar kallonta. Kalli inda za ta je."

Juma'a, 14 ga Yuni

Delbert ya tsinci gyaɗa a jakata, ya yi kamar ya ga maciji. Gyaɗa mai ɓawo a filin tsere! Wai a camfin 'yan tsere hatsari take jawowa. Ya ce in ina neman jawo mana tsautsayi in faɗa masa kai tsaye. Dattijo da furfura, shugaban mawaƙan coci. Na ba kaji.

Asabar, 15 ga Yuni

Yau ne tseren.

An yi nisa da tsere, Kelsi na tsakiyar ayari, ina ta "ƙasa, ƙasa, fili" kamar an haife ni a rufin. Sai motoci biyu suka sarƙe tayoyi a kwana ta uku, can gabanta. Hayaƙi ya rufe ko'ina. Ita ba ta ganin komai, ga motoci manne da bayanta. Wallahi "tsaya" na kan harshena. Na haɗiye. Na dubi gaba, na ga motocin biyu suna zamewa ƙasa saboda gangaren kwanar, ƙofa na buɗewa ta jikin katanga. Na ce, "Yi sama! Yi sama! Taka, kar ki ɗaga!" Ni da bakina na tura 'yata wajen katanga a guje.

Ta shige hayaƙin. Ban rufe ido ba. Ta ɓullo ta ɗaya gefen da tayoyinta huɗu.

Na ce, "Fili." Ta ce, "Na ji, Mama." Kamar na aike ta kanti.

Direbobin biyu sun fito da ƙafafunsu suna ɗaga hannu, Allah mun gode. Kelsi ta zo ta huɗu, ba ta taɓa kai haka ba. Delbert ya yi rawa a gaban gareji da gurguwar ƙafarsa, Curtis ya ɗaga ni sama sai da na mangare shi. Na ci gasasshiyar masara har uku. Rabona da farin ciki irin wannan tun ranar da na haife ta.

Lahadi, 16 ga Yuni

Orville ya bugo waya, wai likita ya ce nan da Agusta zai iya hawa matakala. Na ce kar ya yi gaggawa, ƙugu ba abin wasa ba ne. Don lafiyarsa na faɗa.

Abu ɗaya dai, ban gaya wa kowa ba. A zagayen ƙarshe Curtis da ke gabanta ya yi sama a kwana ta biyu, ya bar ƙofa ta ƙasa, daidai faɗin motarta. Na gani, na yi shiru. Da na ce "fili" da ta uku ta zo. Tun safe abin ke cin raina, har na ƙona miya.