Ɗiyata Ta Hana Sayar Da Naman Baffanta, Shi Kuma Ya Ƙi Ba Da Aurenta

Assalamu alaikum Anti Wasila. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Kaina ya ɗaure, kuma duk gidanmu ba wanda zan buɗe wa cikina bai ce na yi rashin kunya ba.

Ni ɗiyar mahauci ce, matar mahauci. A Unguwar Rogo anka haife ni, nan anka yi mani aure. Maigidana ya rasu yara suna ƙanana, ƙanensa Alhaji Maccido ya riƙe mu, kuma wallahi bai gaza ba. Maganar a kan ɗiyata ta fari ce. Ki yi mani uzuri ba zan faɗi sunanta ba, kin san yadda muke da ɗan fari.

Yarinyar ga likitar dabbobi ce. Tun tana ƙarama in ina wankin kayan ciki sai ta tsuguna tana jujjuya hanta da huhu, tana damuna da tambayar mi ya sa wanga ya yi baƙi, har sai na kore ta da ludayi. Da ta ƙare sakandare dangi sunka ce karatu ya isa haka. Alhaji Maccido ne ya tsaya kai da fata sai ta yi jami'a, shi ya kai ta da kansa bisa babur. Da ta gama anka ɗauke ta aikin duba nama a kwata, wurin da ubanta ya ƙare rayuwarsa, wurin da ni ban taɓa taka ƙafa ba. Mu a zamaninmu sai dai a kawo mana kai da ƙafa da tumbi har gida mu gyara.

Sau ɗaya na taɓa ganinta a bakin aiki, ba ta ma sani ba. Zan je dubiya asibiti, mai keke ya bi da ni ta bakin kwata. Sai ga ta da farar riga bisa hijabi, da dogayen takalman roba, ta duƙa kan wani yankakken sa tana dubawa. Dattawa masu furfura, abokan ubanta, sun kewaye ta da wuƙaƙensu a hannu, ba wanda ya taɓa naman sai da ta ɗaga kai. Anti, na ja mayafi na rufe fuskata na yi ta hawaye, har mai keke ya zaci marar lafiyar da zan dubo ya cika. Daɗi ne ya kama ni. Na dawo gida ban ce mata uffan ba, ai ba a yi.

To, kwanakin baya anka yanka wani babban sa na baffan nata. Ta buɗe huhu ta tarar da ƙulle-ƙullen ciwon tari, ya bazu har cikin jiki. Ta ja baffan gefe cikin ladabi ta ce naman ga ba ya ciyuwa. Shi kuwa ya ce a yanke wurin da ya lalace a jefar kamar yadda anka saba tun kaka da kakanni. Da ta ƙi, sai ya ɗaga murya gaban jama'a, wai shi ya yanka ragon sunanta, yau ita za ta koya mai nama? Waɗanda sunka gani sun ce kanta na ƙasa, muryarta na rawa, amma ba ta janye ba. Anka binne san.

Yanzu ga aurenta an sa bayan Babbar Sallah, da wani malamin makaranta, Jalaluddeen, yaro mai hankali. Baffanta shi ne waliyyi. Ya ce ba zai ba da ita ba sai ta je kwata, inda ta kunyata shi, ta faɗa gaban mahauta cewa kuskure ta yi. Ita kuma ta ce za ta je gidansa ta durƙusa ko sau nawa ne, amma bakinta ba zai ce naman lafiya lau yake ba.

Matan dangi sun taso ni gaba, wai ni na haife ta, ni zan tanƙwara ta. Ran nan sun cika mani ɗaki, kunya ta sa na ce ai yarinya ba ta kyauta ba. Ashe tana tsakar gida tana ji. Da sunka watse ta leƙo ta ce in har ni ma haka nake gani, za ta je ta faɗi abin da Baffa ke so, sannan ta ajiye aikin, don ba za ta iya komawa ta duba naman kowa ba bayan haka. Tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Anti, ni ba haka nake gani ba! Amma ta ina uwa za ta goyi bayan ɗiyar fari a kan mutumin da ya rufa mana asiri? In na yi shiru aikinta ya tafi, in na yi magana aure ya tsaya. Mi zan yi?

Daga Uwar Likita, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, Uwar Likita. Da farko ina taya ki murna. Kin haifi ɗiyar da muryarta ke rawa amma ba ta sakin gaskiya. Gidaje da yawa a Sakkwato sun ci tuwo lafiya a ranar ba su san wadda ta kare su ba.

Kada kuma ki ɗauki Alhaji Maccido mugu. Dattijo ne da ya yi asara, ya kuma ji ciwo a gaban abokan sana'arsa, daga bakin yarinyar da ya goya a babur. Fushinsa abin fahimta ne. Sharaɗinsa ne ba ya karɓuwa, domin abu biyu ya haɗa: ban haƙuri da shaidar ƙarya. Na farkon haƙƙinsa ne, a ba shi cikakke. Na biyun ba wanda ke da ikon nema, ko uba mahaifi. Ranar da ta ce kuskure ta yi, duk mai dabba marar lafiya zai tuna mata.

Saboda haka kada ta je kwata. Ta je gidansa, tare da dattijon da yake jin nauyi, liman ko wani babba cikin mahauta. Ta durƙusa ta nemi gafarar ɓacin ran da ya shiga, ba tare da ta taɓa maganar lafiyar naman ba. Dattijon kuma ya tuna masa cewa da naman ya shiga kasuwa wani ya kwanta, sunan Maccido za a kira. Ya tuna masa wanda ya kai ta jami'a lokacin da kowa ya ce a'a. Abin da ya shuka ne ya tsaya a gabansa ranar nan, kuma ina kyautata zaton a ransa ya sani.

In ya dage, ku tambayi malamai. Za su yi muku bayanin inda walicci ke komawa idan waliyyi ya ƙi ba tare da dalilin shari'a ba. Amma ku bar wannan ya zama na ƙarshe, kada a fara da shi.

Sai ke. Na ga kunyarki, har sunanta kin ɓoye mini, kuma ban raina al'adar ba. Sai dai ɗiyarki ta tsaya wa baffanta da kwata guda ba ta faɗi ba, kalmarki ɗaya ce ke neman kayar da ita. Ba na ce ki yi gardama da matan dangi ba. Ki kira ta ɗaki ku biyu, ba sai kin ambaci sunanta ba, ba sai kin dubi idonta ba. Ki ba ta labarin ranar da kika wuce a keke. Ni baƙuwa kin ba ni na ji daɗinsa, alhali mai labarin tana ɗakinki ba ta cin abinci. Ki yi wannan yau, kafin a je wurin kowa.

Allah Ya jiƙan mahaifinta, Ya sanyaya zuciyar baffanta, Ya sa da bakinsa za a ba da auren nan. Ki gaishe mini da Likita.

Anti Wasila