Burodin Saratu yana ƙarƙashin faifai

Yaya Sani,

Da wane baki ka ce mana an yi sulhu, hanyar Zugu ta gyaru? Ina gaishe ka duk da haka. Ya aiki, ya iyali? Inna lafiya lau, sai ciwon ƙafa.

Da maganarka maƙwabciyarmu Saratu ta hau babur, 'yan bindiga suka ɗauke ta. Ɗiyanta biyu suna wurin Inna. Da Ista ta zo, ƙaramar, Ladi, ta ce sai an yi burodin da uwarsu ke aiko mana duk shekara. Ba wanda ya iya. Muka kwaɓa fulawa da citta da kanumfari, muka yayyanka dabino, muka gasa a tukunya, garwashi bisa murfi. Gindin ya ƙone, amma sun ci.

Ladi ta ware ɗaya ta rufe da faifai, ta ce, "Kawu, na Mama ne." Yanzu ya bushe ƙamas, kullum tana tambayata yaushe uwarta za ta dawo.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida Hajara. Ka kuma faɗa wa maigidanka mai sulhun ya zo Bukkuyum, ya tsaya gaban jama'a ya ba yarinyar nan amsa. Ni ba ni da ita.

Ƙanenka,
Bello