Takardun Murabus Goma Sha Huɗu

Daegu, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Hye-ran,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikata Da-on. Yaya tarin nata? Kimchin da kika aiko, kabejin nan mai yaji, ya iso. Gishiri ya so ya yi yawa, hannun marigayiya mahaifiyarki sak.

Bayan haka, kin san an rufe masana'antar laimar surukinki tun watan jiya. Shekara talatin da ɗaya ina ɗaura wa laima ƙarafa, yau ga ta ƙetare ana jibgewa a bakin titi, kuɗinta bai kai na kofin shayi ba. Gwamnati tana da tallafi ga wanda kayan waje suka raba da aikinsa, alawus duk wata da koyon wata sana'a. Mu goma sha huɗu muka je ofishin ƙwadago. Ma'aikaciyar, sa'arki ce, ta duba takardunmu ta ce, "Baba, ai ku ba sallamarku aka yi ba. Ga shi kun rubuta da kanku kuka ajiye aiki."

Gyaran ba wuya. Abin da ake so kawai, surukinki Shugaba Bang ya buga hatiminsa a takarda ɗaya, ya ce shi ya sallame mu don kasuwa ta mutu. Ranar 28 ga wata ake rufe karɓar takardu. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba, kuma uban 'ya mace ba ya buga ƙofar surukai da ƙarfi. Ki lallaɓa mijinki ya yi wa mahaifinsa magana.

Mahaifinki,
Eom Gi-tae

Daegu, 15 ga Maris

'Yata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Saƙonki ya same ni. Kin ce in yi haƙuri sai bayan bikin cikar Da-on shekara ɗaya, don surukarki ta ɗaure miki fuska tun da kika ta da zancen. Bikin ranar 29 ne. Ki sake duba ranar da na rubuta miki.

Akwai abin da na ɓoye miki. Ranar da za a rufe masana'antar, surukinki ya kira ni ofis, ya zuba mini shayi da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Suruki, kada a ce gidan Bang ya kori mutane. Kowa ya rubuta murabus, mu rabu da mutunci. Kai ne mai alƙalami, ka taimaka musu." Na zauna na rubuta guda goma sha huɗu, kowace da jimlar nan da kowa ke sawa, wai saboda dalilai na ƙashin kai. Matan suka bi layi suna dangwala hatimi, ba wadda ta karanta. Me za su karanta? Ni ne na yi shekara uku a jami'a kafin a kore ni kan zanga-zangar haƙƙin ma'aikata. Ni nake karanta musu takardar asibiti. Har tsayawa na yi ina kallon kyan rubutuna.

Jiya Chu Mal-sun, mai ɗinkin rumfar laima, ta tare ni a kasuwa, gaban masu kifi. Ta ce, "Farfesa! Ilimi ya yi rana. Ni da na tsaya a firamare ban taɓa korar kaina daga aiki ba sai da ka taya ni." Mutane suka yi dariya. Ta matso ta rage murya: "Mijina yana kwance, ka sani. Kai surukin mai gida ne, ba za ka kwana da yunwa ba. Mu fa?"

Na kuma gano abin da ya hana surukinki buga hatimin. Laimar ƙetaren da ta kashe mu, har da shi a masu shigo da ita, yana manna mata sunan gidansa. In ya sa hannu cewa kayan waje ne suka kashe kasuwar, za a bincika, ya tona kansa.

Ma'aikaciyar ta ce saura hanya ɗaya. Takardun duka rubutun mutum guda ne. In mai rubutun ya zo ya faɗi wanda ya sa shi, za a sake dubawa. In na je, ke za ki kwana a gidan da na tona wa asiri. In na zauna, mata goma sha uku. Kwana huɗu ina kai-komo a ɗakin nan, taku shida ne daga bango zuwa bango.

Mahaifinki

Daegu, 28 ga Maris

Maman Da-on,

Ina fatan kun tashi lafiya, shirin biki kuma yana tafiya daidai.

Na je ofishin ƙwadago yau da safe. Na faɗi komai, har shayin. Sun ce za su sake duba takardun matan, ba su yi alkawari ba. Tawa kuwa an mayar mini. Ma'aikaciyar ta ce, cikin ladabi, su ba su san abin da suka dangwala wa hatimi ba, ni kuwa da hannuna na rubuta, kuma mai ilimi irina ba zai ce bai fahimta ba. Karon farko ke nan a shekara arba'in da wata hukuma ta yarda na yi karatu.

Mal-sun tana jira a waje. Ba ta gode ba. Ta ce, "To, Farfesa, ka ci abinci?" Ta tura mini dafaffen ƙwai a aljihu ta wuce.

Ranar Litinin takardar ofishin za ta isa gidanku. Na so ki fara ji daga bakina. In sun tambaye ki, ki ce ba ki san komai ba, ki ce tsohon ya rikice. Ki zage ni a gabansu in hakan zai sauƙaƙa miki, ba zan riƙe ki ba.

Ba zan zo bikin gobe ba, ba zan iya zama kusa da surukinki ina murmushi a hoto ba. Na ba direban motar kasuwa ƙullin zare ya kawo miki, ki sa a teburin da Da-on za ta zaɓi rabonta, ko ta yi tsawon rai. Za su jera mata kuɗi da shinkafa da alƙalami kamar yadda aka saba. Ki tsaya kusa da ita. In kika ga ta miƙa hannu wajen alƙalamin, ki janye shi.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Eom Gi-tae