Ƙosai a kan takardar Ankul Teh

Laraba, 25 ga Maris, 2020

Mako guda da kullen annoba. Duk unguwarmu ta Cheras shiru, sai tsohon da ke samanmu, Ankul Teh, da fiyanonsa. Kullum bayan la'asar. Yana gamawa sai ya fito baranda cikin jar kwat, zobe a kowane yatsa, ya rusuna wa motocin da ke fake. Allah ya shirya.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Mijina Munzali ya ce mai gadi ya ba shi labari: wai da can har Turai ake gayyatar Ankul Teh, mata na rububin hankicinsa. Daga baya jaridu suka ce ya ƙare. Na ce wa mijin nawa ni dai kaina ke ciwo.

Juma'a, 24 ga Afrilu

An kama azumi. Maƙwabci maƙwabci ne ko da mai surutu ne, na sa Munzali ya rataya masa ƙosai da kunu a ƙofa.

Asabar, 2 ga Mayu

Kwanon ya dawo da wata takarda a ciki, layi-layi da ɗigo-ɗigo kamar tururuwa. Mai kauri ce kuwa. Na tsane man ƙosai da ita, na mayar masa da na yau a kanta.

Talata, 5 ga Mayu

Kwana uku ba kiɗa.

Laraba, 6 ga Mayu

Na shiga uku. Munzali ya hau ya tambaya. Ashe a nan ma ba a mayar da kwano haka nan, shi kuma bai iya girki ba, sai ya zauna ya tsara mini kiɗa, ya rubuta shi a takardar nan. Na farko da ya rubuta cikin shekara goma sha tara, kuma babu kwafi. Na kasa ko shan kunu. In tsohon nan ya rufe fiyanonsa, ni ce sila.

Asabar, 9 ga Mayu

Ya sauko da kansa! Jar kwat, takunkumi mai ƙyalli, ya tsaya nesa da ƙofa yana kaɗa takardar. Ina bayan Munzali, kunya kamar in nutse. Ya ce mai ya cinye layi huɗu, kwanakin nan sake su yake yi.

"Madam Hasanatu, sababbin sun fi na da, lah. Masu sukata shekara arba'in ba su gyara ni haka ba."

Wai in ƙara barkono gobe.

Lahadi, 24 ga Mayu

Sallah a ɗaki, ba Idi, ba ziyara. Da la'asar ya buga kiɗan da ya tsara mini. Mutane suka firfito baranda suna tafi, yau dai ya sami waɗanda zai rusuna wa. Na gane daidai wurin da man ya zuba, nan ne yake hanzari. Na yi dariya har da hawaye.

Alhamis, 28 ga Mayu

Na mayar da markaɗe zuwa safe, injin ya cika ƙara. Munzali ya tambayi dalilin buɗe taga ƙarfe biyar na yamma, daidai lokacin fiyano. Na ce zafi.